Ni Na Goge Kaset ɗin Babanku

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da na ɓoye tun kafin in ɓoye shi. Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba aka kai ni ɗaki. Gwaggonku Binta ce ke riƙe da biro ina faɗa, kuma na rantsar da ita kada ta gyara mini magana, kada ta sassauta. Ku nake wa wannan babi, Yusuf da Hauwa, 'ya'yan ɗana na fari. Ranar sadakar uku ta babanku ina kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe, na ji kai Yusuf kana ba abokanka labari da Turanci. Turancina ba shi da yawa, amma na tsinci abin da ya ishe ni: kaset, dawaki, kakanku. Ka ce kakanku Malam ne ya goge wasan babanku saboda ƙin ƙwallo, ni kuwa ban taɓa damuwa in kalla ba. Haka babanku ya gaya muku, haka ya sani, haka ya tafi da shi kabari. To ba haka aka yi ba. Ku zauna ku ji.

A ƙauyenmu na ƙasar Bichi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke fara tashi ba. Kunyar ɗan fari ake ce mata. Ba ƙi ba ne, ku gane wannan tun yanzu. A gida abin ba ya ciwo, domin ana yaye yaro kakarsa za ta ɗauke shi, ga gwaggonni, ga innoni, kowa na jan kumatunsa, ita uwar tana leƙe daga bakin ɗaki tana jin daɗi a cikinta. Ni na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, amma kakar da gwaggonnin na bar su a baya. Malam ya zo karatu London, karatu ya ƙare ya kama aikin akawu a tashar jirgin ƙasa, hukumar unguwa, wato council, ta ba mu flat a hawa na tara a Edmonton. A wannan ɗaki babu wanda zan miƙa wa yaron ya so shi a madadina. Ni ce kawai, ni kuma bakina a ɗaure. Ina ce masa "kai", in zan ambace shi ga wani in ce "yaron nan". Binta da ta biyo shi ina goya ta ina mata waƙa, shi yana tsaye yana kallo. Ban san yana lissafawa ba.

Ƙwallo ta same shi a filin da ke ƙarƙashin benenmu. Daga tagar kicin ina hango su kamar ƙwari, ba na bambance wannan da wancan sai da gudu, domin babu mai gudunsa. Malam bai so ba. Likita yake so, ko lauya, ya ce bai bar garinsu ya zo yana buga wa Turawa takarda ba don ɗansa ya ƙare da gajeren wando a gaban jama'a. Sun yi ta yi shekara da shekaru. Daga ƙarshe wani kulob na can arewacin Ingila, tafiyar awa uku a jirgin ƙasa, ya ɗauke shi yana ɗan sha bakwai. Ba babban kulob ba ne. Suka ba shi lamba goma sha ɗaya da ɗaki a gidan wata tsohuwar Baturiya. Ranar da zai tafi na soya masa dambun nama cikin gwangwani biyu, na ba Binta ta sa masa a jaka, na ce ta ce ita ta yi.

Duk sanda kulob ɗinsu zai zo London wasa, sai ya aiko tikiti huɗu cikin ambulan. Ya bugo waya, Binta ta ɗauka, ya ce a ba shi ni.

"Inna, kin ga tikiti? Bas ɗaya ce daga gida, minti ashirin."

"Na ji. Kana cin abinci?"

"Ina ci. Inna, just once. Sau ɗaya kawai."

"Ga ƙanwarka."

Haka muke yi. Yaya za a yi in zauna cikin dubban maza, a nuna ni a ce ga uwar wancan, ya ci ƙwallo in rasa inda zan sa fuskata? In na yi murna na yi abin kunya, in na ƙi murna a gabansa na kashe shi. Sai na yanke wa kaina shawara: a talabijin zan gan shi. In ja labule, in rufe ƙofa, ba mai ganina sai Allah, in kalli ɗana har in ƙoshi. Asabar ta farko na gama girki da wuri, ƙarfe uku na kunna akwatin. Na murɗa nan dawaki suna tsere, na murɗa can wani tsohon fim, na murɗa gaba wasu mutane suna jifan allo da ƙananan kibau. Ƙwallo babu. Asabar ta biyu haka. Ta uku na kasa haƙuri, na tambayi Malam ina juya miya, kamar maganar ba ta dame ni ba.

"Wai su mutanen nan ba sa nuna ƙwallon ne?"

Ya sauke jarida ya dube ni ta saman tabarau.

"Doka ce. Ranar Asabar, daga uku saura kwata har biyar da kwata, an hana a nuna ƙwallo a talabijin a duk ƙasar nan."

"Saboda me?"

"Don kada mutane su zauna a gida. So suke kowa ya fita ya sayi tikiti ya je fili, in ba haka ba ƙananan kulob su mutu. Me ya sa kike tambaya?"

"Ba komai. Gishiri ya ji?"

Kun ji dokar. Wasu mutane da ban sani ba, ba su san ni ba, sun zauna a ofis sun yi doka don a fitar da irina daga ɗaki, ni kuma ga tawa dokar da ta hana ni fita. Tsakanin dokokin nan biyu na yi shekara shida. In an nuna guntayen wasa daga baya, na manyan kulob ake nunawa, ko na London. Binta ta ce kowane yanki da tasharsa, ta arewa tana nuna nasu, tamu tana nuna namu. Abin da ya rage mini shi ne wani mutum da ke fitowa wajen ƙarfe biyar saura yana karanta sakamako, murya a kwance kamar mai rabon gado. Ba na jin lambobinsa sosai, amma na koyi muryarsa. In ya ɗaga ta a sunan farko ya sauke a na biyu, masu gida sun ci. In ya ja su daidai, an yi kunnen doki. Ina tsayawa bayan ƙofar kicin da ludayi a hannu, in jira sunan garin da yaron nan yake, in saurari hawa da saukar muryar wani Bature, in koma kan tukunya. Wannan shi ne kallon ƙwallona. Babu wanda ya sani a gidan, ko kuma haka na zata.

Sai shekarar da abin ya faru. Cikin sanyi ne, ana saura wata biyu azumi. Ya bugo waya ranar Talata.

"Inna, an mayar da wasanmu Lahadi. Za a nuna mu live, daga farko har ƙarshe! Na yi booking na jirgi, ke da Baba da Binta. Ki zo, wannan ne babba."

Lahadi babu doka. Na ce a raina yau Allah ya kawo mini shi har ɗaki.

"Tunda za a nuna, mene ne na wahalar jirgi?"

Sannan ya ce, a hankali:

"Za ki kalla?"

"In na gama aiki."

Wallahi tun daren Juma'a na gama aikin. Ranar Lahadin akwai suna a wajen Old Kent Road, na ce wa Malam kaina na ciwo, ya tafi shi kaɗai. Binta tana asibiti, lokacin ta fara aikin nas. Na yi wanka, na ɗaura atamfar da ban taɓa sawa ba, ni kaɗai a flat, kamar wadda za ta tarbi baƙo. Na ja labule. Na kunna. Ga fili kore shar, ga jama'a, ga 'yan wasa. Na san rigarsu ja ce, ga kuwa masu jar riga, cikinsu akwai baƙin yaro guda ɗaya a gefe yana gudu. Na durƙusa gaban akwatin. Na yi masa addu'ar da ban taɓa yi da ƙarfi ba, in an tare shi in ce a'a, in ya tsere in ce tafi, tafi. Na kai minti goma sha biyar a haka, hawaye na zuba. Sai aka matso da fuskarsa kusa. Ba shi ba ne. Ɗan wata ne. Wasan wasu kulob biyu na London ne tasharmu ta zaɓa, nasu yaron nan a arewa kaɗai aka nuna. Shi bai sani ba, ni ban sani ba, ba wanda ya duba jarida. Na zauna a ƙasa da sabuwar atamfata na ƙarasa kallon ɗan wata mata, domin na rasa ƙarfin tashi in kashe.

Kafin magariba waya ta yi ƙara. Wani Bature ne yana magana da sauri. Kalma biyu na kama, asibiti da gwiwa. A wannan wasan ya ci ƙwallo ɗaya, wadda ta ba su nasara, saura kaɗan a tashi wani ya shigo masa da ƙafa biyu. Jijiyoyin gwiwar suka tsinke. An yi aiki sau biyu. Likita ya ce zai yi tafiya, amma gudu ya ƙare. Yana da shekara ashirin da uku.

Bayan salla ya dawo Edmonton da sanduna biyu da jaka ɗaya. A cikin jakar akwai kaset ɗin bidiyo. Tsohuwar Baturiyar da yake zaune a gidanta ita ta sa maƙwabcinta ya ɗauka mata, domin ita tana fili, ba ta taɓa fashin wasansa ba, ashe har "my boy" take ce masa a gaban kowa. Ta ba shi kaset ɗin ta ce ya kai wa mahaifiyarsa. Shi ke nan guda ɗaya. Kulob ɗin ba su ba shi komai ba, tashar kuwa da Binta ta rubuta musu daga baya ba su amsa ba.

Ranar da ya ciro shi falo cike yake. Gwaggo Hansai, yayar Malam, ta zo daga Kano ganin likitan ido ta sauka a wurinmu, ga mata uku sun zo dubiya. Ya dogara sandunansa har gaban bidiyon, ya sunkuya da ƙyar ya zura kaset ɗin.

"Inna, ba ki gani ba ran nan. Ga shi. Ki duba."

Na ji ƙarar jama'a ta cika falon. Idona ya so ya tafi, wuyana ya so ya juya. Sai na ji idon Gwaggo Hansai a kaina, wanda aka yi wa aikin da wanda ba a yi wa ba. Na kawar da kai wajen bango.

"Kai, kashe mana abin nan. Ba ka ga mutane ba?"

Ya kashe. Ya bar kaset ɗin a kan akwatin ya shiga ɗaki, sanda na ƙwanƙwasa ƙasa. Gwaggo Hansai ta yi dariya ta dafa gwiwata.

"Haka ake, 'yar gidan mutunci. Ni da na ce London ta gama da ke, ashe da sauranki. Matan yanzu sai ki ga uwa ta rungume ɗan fari a titi kamar kyanwa."

Matan suka yi dariya, ni ma na yi. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da nake neman gafararsu.

Kwana tara ina kallon kaset ɗin a kan akwatin, gida bai taɓa zama ba kowa ba. Sai ranar Asabar. Malam ya raka Gwaggo filin jirgi, Binta na aiki, abokan yaron nan suka zo da mota suka fitar da shi shan iska. Na kulle ƙofa. Ni abu ɗaya na sani game da bidiyon nan. In Binta za ta fita aiki kuma akwai fim ɗin Indiya da take so, takan ce, Inna, in dogon hannun agogo ya kai nan ki tura kaset ki danna jan maɓalli. Na yi mata haka ya fi sau ashirin. A sanina jan maɓalli shi ke tayar da na'urar. Na tura kaset ɗin babanku, na yi bisimilla, na danna ja. Wata 'yar fitila ta kama, na ji abin yana juyawa a ciki. Na ɗaga kai. Dawaki suna tsere.

Na dubi agogo, uku saura 'yan mintoci. Sai na ce a raina, af, dokar ce. Asabar ce, lokacin ya shiga, sun toshe ƙwallo ko ta ina, har ta cikin kaset. Ban yi mamaki ba, mutanen da suka iya hana ni ganinsa shekara shida me zai gagare su? Na ce to zan jira, biyar da kwata za su sake shi. Na ji tsoron in na taɓa wani abu zan ɓata, sai na bar na'urar tana ta juyawa. Na zauna a kan darduma na harɗe hannu. Na yi la'asar a wurin, na dawo na zauna. Dawaki suka gama, wasu suka fito. Mai karanta sakamako ya zo ya karanta, har da sunan garin da yaron nan ya bari, muryar ta sauka, an cinye su. Ni dai ina jira, ina murna ma, ina cewa saura kaɗan. Biyar da kwata ta yi. Biyar da rabi ta yi. Na'urar ta yi wani ƙara, ta tsaya da kanta, ta fara komawa baya.

A haka Malam ya buɗe da makullinsa ya same ni. Ya dubi akwatin, ya dubi bidiyon, ya dubi kwalin kaset ɗin a hannuna.

"Me kika danna?"

"Ja. Dokar ce ba ta sake shi ba har yanzu."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin uku."

Ban taɓa ganin Malam ya zauna a ƙasa da takalmi a ƙafarsa ba sai ran nan. Ya danna wani maɓalli. Ga fili ya fito, ga 'yan wasa suna fitowa daga wani rami, ga bayan wani mai lamba goma sha ɗaya. Kafin in ja numfashi hoton ya yage, dawaki suka shigo. Ya tura gaba, dawaki. Ya tura gaba, dawaki. Har ƙarshe. Ya yi mini bayani da murya ƙasa ƙasa, sau biyu, kafin in gane abin da hannuna ya yi. Abin da ya tsira shi ne ɗan guntun da yaron nan ya kunna ranar da na kawar da kai, domin daga inda ya kashe na fara gogewa.

Ban yi kuka ba, abin ya wuce nan. Malam ya daɗe yana kallona, sannan ya ce:

"Ashe ke ma. Na san kina tsayawa bayan ƙofar kicin, amma ban san ya kai haka ba."

Sai ya gaya mini abin da ban sani ba. Shi ya kalli kaset ɗin, da asuba, ranar da muke barci duka, ya rage murya, da ya gama ya mayar da shi daidai inda yaron ya kashe. Ya ce in zauna ya ba ni. Ya ce an bugo ƙwallon daga nesa, yaron ya tare ta da ƙirji, ya juya, mutum biyu suka taso masa ya bi ta tsakaninsu kamar ba su nan, ya buga da hagu ta shige can saman raga. Ya ce da ya ci bai yi wajen 'yan kallo ba, wajen mai ɗaukar hoto ya nufa, ya tsaya ya ɗaga hannu yana faɗin wata kalma. Malam ya ce ba a jin murya, amma ya karanta bakin.

Ban tambaye shi kalmar ba. Na sani.

Muna nan muka ji lif ya tsaya, muka ji sanda. Na kama hannun rigar Malam, abin da ban taɓa yi ba. Ya ga abin da nake roƙo. In na ce ni ce, sai in faɗi dalili, in tsaya gaban ɗan fari in ce na kulle ƙofa don in kalle ka, shekara shida ina neman fuskarka a akwati. Bakina ba zai iya ba. Na tashi na shige kicin.

Daga can na ji komai. Malam bai jira an tambaye shi ba.

"Kaset ɗinka ya goge. Ni ne. Na so in ɗauki wani abu ban duba ba."

Na ji an kunna. Na ji kofaton dawaki da ihun mai sharhi.

"Dawaki, Baba? Horses? Kai da ko kallonsu ba ka yi, ka ce caca ce?"

"Na ce ni ne. Ka yi haƙuri."

"Ka samu abin da kake so. Ƙafar ta tafi, yanzu ko shaidar babu."

Sai sandar ta nufo kicin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ni na ba shi baya ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

"Inna, kina nan aka yi?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Kalma biyu ce, ni ce. Na ce:

"Ina kicin. Ban san abin da ake ba."

"Ko sau ɗaya kin kalla kafin nan?"

"Yaushe na samu lokaci?"

Ya ce to. Bai ɗaga murya ba. Sati bai cika ba ya koma wurin wani abokinsa a Barking, daga baya ya fara tuƙin tasi, ya auri mamanku. Yana zuwa gaishe ni duk Juma'a, ya kawo shinkafa da mai, ya zauna minti goma. Mahaifinsa kuwa sai sallama daga tsaye. Shekara bakwai haka. Ranar sunanka Yusuf, Malam ya yi tsammanin za a sa masa sunansa, har ya sayi rago biyu. Da aka raɗa wani suna ya ce madalla, ya yi addu'a, ya dawo gida ya kwanta da rana.

Da Malam ya kwanta ciwon ajali na ce masa zan faɗa. Na rantse zan faɗa. Ya girgiza kai a kan matashin asibiti.

"Bari. Ni mai tafiya ne, ke za ki rage masa. In ya san kin yi shiru shekara bakwai kina kallonmu, ke ma zai rasa ki. Gara ya rasa ɗaya."

Yaron nan ya zo ranar ƙarshe, ya riƙe hannunsa, ya ce ya yafe. Malam ya ce na gode. Ya karɓi yafiyar laifin da bai yi ba, ya tafi da ita. Bayan nan shirun ya ƙara nauyi, domin yanzu ba kaset kaɗai zan amsa ba, har da uba. Kowace Juma'a in ce yau, in ji ya ce Inna sai wani satin, in ce ka gaida yara. Na ɗauka ni zan riga shi, har na shirya in bar wa Binta saƙo ta ba shi bayan raina. Bara zuciyarsa ta tsaya a cikin motarsa, a bakin titi, da rana tsaka. Ba shi aka bar wa saƙo ba. Ni aka bari da shi.

Binta ta ajiye biro yanzu tana kuka, ita ma yau ta fara ji. Na ce ta ɗauka mu ƙarasa. Ba na neman ku ce ba komai, domin da komai. Ba na ɗora wa masu dokar ƙarfe uku, su tikiti suke son sayarwa, kuma tikiti huɗu huɗu yana zuwa mini har gida ina sa shi ƙarƙashin katifa. Suna nan, ambulan goma sha tara, ku zo ku gani. Ba na ɗora wa Gwaggo Hansai, abin da aka koya mata ta yaba. Abu biyu nake so. Ku wanke kakanku, in kun je maƙabarta ku tsaya a kansa shi ma. Ke kuma Hauwa, ga cikin fari kina ɗauke da shi. In ya zo ki kira sunansa da ƙarfi, a gaban kowa, har a gabana.

Kaset ɗin yana wurina, da tsohon bidiyon, Malam ya nuna mini maɓallin da ya kamata tun a makon. In gida ba kowa nakan ja labule in kunna. Suna fitowa daga ramin nan a jere, shi ne na huɗu. Jar riga, ɗaya da ɗaya a baya, wuyansa irin na mahaifina. Yana sunkuyawa ya taɓa ciyawa da hannun dama, ya miƙe, kafaɗarsa ta fara karkatowa kamar wanda aka kira daga baya. A nan na ce a kashe. A nan dawaki ke shigowa. Na mayar da shi baya ya fi sau dubu, na kira sunan da ban taɓa kira ba, ni kaɗai a ɗaki, da ƙarfi. Bai taɓa juyowa ba.